Bakteriyata ta tsiro a kan AEP, shin hakan ya isa hujja cewa tana karya haɗin C-P?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan group, ina neman shawara don Allah. Aikina a kan bakteriyar ƙasa ne masu iya cin fosfonet, sinadaran da kabon (C) ya kama fosfaras (P) kai tsaye a cikinsu wato haɗin C-P, ina amfani da AEP wato 2-aminoetilfosfonet a matsayin tushen fosfaras shi kaɗai a cikin midiya, wato abincin da ake shuka bakteriya a kai, na cire fosfet gaba ɗaya na zuba AEP 1 mM a madadinsa. Toh matsalar ita ce kusan duk abin da na shuka a fileti sai ya tsiro, wasu manya wasu ƙanana ƙanana kamar ɗigo, kuma sufabaiza na yace in rubuta duka a matsayin masu karya C-P amma ni hankalina bai kwanta ba, abin ya yi yawa. Wanda ya taɓa wannan aikin ya taimaka.

Abba: Wa alaikumus salam. Ni a ganina ai magana ta ƙare, idan babu wani fosfaras a midiyar sai AEP kuma abu ya tsiro to daga ina zai samu? Halitta ba ta yin DNA ko ATP ba tare da fosfaras ba. Ki yi PCR, gwajin gano ƙwayar gado, na phnJ da phnX, ƙwayoyin gadon enzayim masu karya C-P, ki haɗa da hoton filetin shikenan.

Malam Nura: Abba yi a hankali. Kalmar "babu wani fosfaras a midiyar" ita ce ake buƙatar a tabbatar, ba a ɗauka haka kawai ba. Hauwa'u 'yata, tambaya uku zan miki. Kin shuka su a fileti wanda babu AEP babu fosfet babu komai? Da me kika wanke fulas da kwalaben da kika haɗa midiya? Wane agar kika sa?

Hauwa'u: Malam agar na yau da kullum ne da muke sa wa a kowace midiya, kwalabe kuma an wanke da sabulun lab an ɗauraye da ruwan distil. Filetin da babu komai ina shirin yi wannan satin in sha Allah.

Malam Nura: To shi za ki fara yi kafin komai, kuma ina kyautata zaton za ki ga waɗannan ƙananan ɗigon sun fito a kansa su ma. Agar daga ciyawar teku ake cirowa kuma yana zuwa da ɗan fosfet a jikinsa, kaɗan ne amma ga ƙwayar da take jin yunwa ya ishe ta ta yi ɗan koloni. Sabulun wanke kwalba da yawa akwai fosfet a ciki kuma fosfet yana maƙalewa a jikin gilashi, ruwan distil kawai ba ya cire shi, sai an jiƙa a asid HCl mai rauni kamar kashi 10 cikin 100 ya kwana sannan a ɗauraye sosai da ruwa mai tsafta, ko kuma a koma sabbin robobi da ba a taɓa amfani da su ba. Agar kuma ko ki sa agaros ko wanda aka tace, ko mafi alheri ki bar fileti ki koma midiya ta ruwa ki riƙa auna OD, wato duhun ruwan da ke nuna yawan ƙwayoyin. Sannan abu na uku da yara ke mantawa, ita kanta ƙwayar tana zuwa da guzurinta kamar matafiyi, tana tara fosfet a cikinta a matsayin folifosfet lokacin da take cikin midiya mai yalwa, idan kika ɗauko ta daga can kika sa a inda babu za ta ci gaba da rabuwa na ɗan lokaci da abin da ta ajiye. Dole a wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri ko midiya marar fosfet, a bar su su yi yunwa, sannan a shuka, a kuma sake ɗauka daga wannan a shuka a sabon tub sau biyu ko uku. Wadda ta ci gaba da girma bayan wannan ita ce abin magana.

Dokta Bashir: Malam ya faɗi gaskiya, bari in sa lissafi a kai don Abba ya ga girman abin. Fosfaras kusan kashi 3 cikin 100 ne na busasshen nauyin bakteriya. Idan AEP ɗin da aka sayo yana da ko da kashi 1 cikin 100 na fosfet a matsayin datti, a 1 mM kin zuba 10 µM na fosfet kenan ba ki sani ba. Wannan ba zai ba ki OD mai yawa ba amma a fileti zai ba ki koloni da ido zai gani. Kuma akwai illa ta biyu wadda ta fi ɓoyuwa, a E. coli da danginta ƙwayoyin gadon phn na cin fosfonet suna ƙarƙashin tsarin Pho ne mai lura da yawan fosfet, wato PhoR da PhoB, kuma ba sa buɗewa sai fosfet na waje ya sauka ƙasa da kamar 4 µM. Kenan dattin zai iya sa marar iyawa ta tsiro, ya kuma sa mai iyawa ta jinkirta fara aikin. Shi yasa nake ba ɗalibai shawara su rage AEP zuwa 0.2 mM, nauyin ƙwayar AEP 125 ne don haka milligiram 25 ne a lita, su kuma yi tub uku gefe da gefe, na fosfet 0.2 mM, na AEP 0.2 mM, da wanda babu komai. Idan na AEP ya kamo na fosfet a ƙarshe ko da ya makara, to an ci AEP ɗin.

Abba: Na ji Dokta, amma PCR ɗin fa? idan phnX yana nan ai yana nan.

Dokta Bashir: Kasancewar ƙwayar gado daban aikinta daban. Misali mafi sauƙi shi ne E. coli K-12 da kowa ke da ita a firij, tana da jerin phn duka 14 daga phnC har phnP, amma a cikin phnE akwai ƙarin haruffan DNA 8 da suka ɓata karatun, sai ƙofar shigar da fosfonet ta lalace, ba ta iya ci duk da injin karyawar yana ciki lafiya lau. E. coli B kuma tana ci. PCR na phnJ zai ba ka layi a duka biyun. Haka kuma rashin layi ba ya nufin babu, firaima, ɗan guntun DNA da PCR ke nema da shi, na iya kuskure wa jerin da ya ɗan bambanta, kuma hanyoyin karya AEP ba ɗaya ba ne.

Hauwa'u: Dokta to zan iya sa K-12 a matsayin kontrol marar ci kenan?

Dokta Bashir: Za ki iya amma ki sa ido, waɗannan haruffa 8 suna iya zamewa su fita da kansu sai ki ga tsirarun koloni manya sun ɓullo bayan kwanaki, waɗanda suka gyaru kenan. Idan za ki samu wadda aka goge mata jerin phn gaba ɗaya ta fi tsafta.

Sadiƙ: Ku yi haƙuri in katse, akwai sababbi a group ɗin da ba su san me yasa ake ta wannan wahalar ba. A fosfet na yau da kullum irin na DNA da ATP, tsakanin kabon da fosfaras akwai oksijin, C-O-P, kuma wannan gadar ruwa da enzayim fosfatas suna yanke ta cikin sauƙi. A fosfonet babu oksijin a tsakani, kabon ya kama fosfaras kai tsaye, kuma wannan haɗin fosfatas ba ya taɓa shi, tafasawa a asid mai ƙarfi ma ba ya karya shi. AEP shi ne na farko da aka samu a jikin halitta, Horiguchi da Kandatsu a Japan suka ciro shi a 1959 daga ƙananan halittun furotozowa da ke cikin tumbin tumaki, kafin nan ana ɗauka haɗin C-P sai a masana'anta ake yinsa.

Lawal: To wannan AEP ɗin ba shi ne ake sayarwa a matsayin ƙarin sinadari na kalsiyam ba? na ga ana tallarsa wai yana gyara jijiya, ina ma da kwalba ɗaya

Zainabu: A'a yaya Lawal, abu biyu ne daban kuma wannan ruɗanin yana ɓata wa mutane gwaji. Wanda ake haɗawa da kalsiyam ana sayarwa aminoetil fosfet ne wato fosfo-etanolamin, yana da oksijin ɗin nan a tsakani, nauyinsa 141, namu kuma 125, bambancin 16 shi ne oksijin guda. Fosfo-etanolamin kowace ƙwaya mai fosfatas za ta yanke shi ta ci. Hauwa'u ki duba jikin kwalbarki ki ga fomula, dole ta zama C2H8NO3P, idan kika ga O4 to ba fosfonet kika zuba ba kuma shi kaɗai zai bayyana me yasa komai ya tsiro.

Hauwa'u: Na duba yanzu anti, O3 ne kuma 125.06 aka rubuta, alhamdulillah

Zainabu: Madalla. To ni inda nake tsaye shi ne duk maganar girma hujja ce ta gefe, hujja ta kai tsaye ita ce ki nuna AEP yana ɓacewa daga ruwan kuma abin da ya kamata ya fito yana fitowa. Kuma babu abin da ya kai NMR na 31P a nan, na'urar da ke nuna kowane irin fosfaras a matsayin tsini a wurinsa daban. Fosfaras duk na duniya 31 ne don haka ba sai kin sa wata alama ba, ana auna shi da fosforik asid kashi 85 a matsayin sifili, fosfet da dangoginsa suna zama kusa da sifili zuwa 6 ppm, folifosfet yana can wajen -20, fosfonet kuma yana can sama wajen +20 shi kaɗai a fili inda ba cunkoso. Ki ɗauki ruwan kalcha ranar farko da ranar ƙarshe, ki ga tsinin +20 ya ragu ko bai ragu ba. Abu biyu kawai, wurin tsinin yana motsi da pH don haka ki daidaita duka sampul ɗin iri ɗaya, sannan ƙarfe da manganis suna faɗaɗa tsinin har ya ɓace, sai an sa EDTA ko a wuce da shi ta Chelex, masu kama ƙarfen.

Malam Nura: Zainabu ba kowane lab ke da NMR ba, kuma 0.2 mM a NMR na fosfaras sai an kwana ana tara sigina ko an kafe sampul ɗin tukuna. Tsohuwar hanya tana nan kuma tana aiki. A raba sampul biyu. Rabi a dafa a HCl 6 N a digiri 110 na awa 24 zuwa 48 a rufaffen tub, duk C-O-P zai koma fosfet, C-P zai tsaya yadda yake. Ɗaya rabin a ƙona shi gaba ɗaya da fasalfet ko a toka, komai ya koma fosfet. A auna duka biyun da shuɗin molibdenom na Murphy da Riley na 1962 a 880 nm, a debe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne fosfonet. Da sifektirofotomita kawai aka yi wannan aikin shekaru da yawa.

Zainabu: Da girmamawa Malam, debe babban lamba daga babban lamba don a samu ƙarami shi ne matsalata da hanyar. Idan fosfonet kashi 2 ne na duka fosfaras ɗin kuma kuskuren fifet ɗinka ya kai kashi 3, me ka auna? A midiyar Hauwa'u da AEP ne kaɗai zai yi, na yarda, amma a ƙasa ko a naman halitta gaskiya ba na yarda da shi shi kaɗai.

Hajiya Rabi: Ku biyun kuna buƙatar juna ne ai. Zainabu, NMR ma yana da tarkonsa, fosfet mai zobe biyar irin wanda ke fitowa idan RNA ta farfashe yana zama a wajen +17 zuwa +21, daidai unguwar fosfonet, kuma mutane sun sha murna da tsinin da ba nasu ba. Yadda ake raba gardama shi ne a dafa sampul a asid irin na Malam Nura a sake sa wa a NMR, mai zobe zai buɗe ya sauko kusa da sifili, fosfonet na gaske ba zai motsa ba. Bayan haka a ɗiga tsantsar AEP a tub ɗin a ga ko tsinin ya ƙaru a wuri ɗaya ko sabo ya fito a gefensa. Kuma a nan ne ake ganin wani amfanin AEP a lab da ba a cika faɗa ba, masu auna jimillar fosfaras a ruwa suna sa shi don gwada ƙarfin narkarwarsu, tunda yana cikin masu taurin kai, idan hanyarka ta dawo maka da fosfaras ɗin AEP kusan duka to ka san ba ka bar komai a baya ba, idan rabi ta dawo to lambobin da kake rubutawa a matsayin jimilla ba jimilla ba ne.

Abba: Hajiya to HPLC fa, na'urar rarrabe sinadarai a ruwa? mu shi muke da shi

Hajiya Rabi: AEP ba ya shan hasken UV don haka ditekta ba zai gan shi ba haka nan, sai an liƙa masa wani abu a kan amino ɗin, FMOC ko OPA, kamar yadda masu auna maganin ciyawa glaifoset ke yi. Ko a takarda ma ninhaidirin yana ba shi launi. Idan akwai mas sifek, na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari, to a yanayin negatib yana fitowa a 124, yana farfashewa zuwa 79, fosfonet kuma sukan ba da 63, shi kuma fosfet na C-O-P ya fi ba da 97 tare da 79.

Dokta Bashir: Bari in koma kan hanyoyin karyawa don Hauwa'u ta san me za ta nema, domin abin da zai fito ya danganta da injin da ƙwayar take da shi. Ta farko kuma mafi sauƙi ita ce ta enzayim PhnW da PhnX, irin ta Salmonella da Pseudomonas aeruginosa da Bacillus cereus. PhnW yana aiki da mataimakin sinadari PLP, ya cire amino daga AEP ya miƙa wa fairubet ya zama alanin, abin da ya rage fosfono-asitaldihayid. Sai PhnX ya kama shi, lisin ɗin enzayim ɗin ya haɗu da aldihayid ya yi abin da ake kira Schiff, wannan ya ja lantarki ya raunana C-P, sai wani asfatet ya karɓe fosfaras ɗin, a ƙarshe a samu asitaldihayid da fosfet. Gwajin wannan yana da daɗi, ki fasa ƙwayoyin ki ɗauki ruwan, ki sa AEP da fairubet da PLP da magniziyam, ki ƙara NADH da enzayim ɗin alkohol dihaidirojinas, duk asitaldihayid da ya fito zai cinye NADH ki ga 340 nm yana sauka a gabanki. Ta biyu PhnW, PhnY, PhnA, irin ta Sinorhizobium meliloti, aldihayid ɗin ya koma fosfono-asitet sannan a yanke a samu asitet da fosfet. Akwai ta uku mai amfani da iskar oksijin da ƙarfe, PhnZ. Ta huɗu ita ce babbar, C-P layas, wadda ba ta zaɓe, tana cin fosfonet iri iri. Wannan ta wahalar da masana shekaru da yawa domin da zarar an fasa ƙwayar sai aikin ya tsaya, sai a 2011 lab ɗin Frank Raushel a Texas suka jera matakan a tub, an gano sai an fara liƙa fosfonet ɗin a kan ribos ta hanyar amfani da ATP sannan PhnJ ya yanke shi ta hanyar radikal da mataimakin sinadari SAM da gungun ƙarfe da sulfa wanda iska ke lalatawa. Don haka idan ruwan ƙwayarki bai nuna komai ba kada ki ce ba ta ci, wataƙila layas take da shi. Gwajinsa shi ne ki ba ta metilfosfonet a rufaffiyar kwalba ki zuƙi iskar saman ki sa a GC, na'urar rarrabe iska, idan iskar gas ta mitan ta fito an gama magana.

Sadiƙ: Wannan gwajin mitan ɗin shi ya warware wata tsohuwar tambaya ta teku fa. An daɗe ana ganin saman teku inda oksijin ya cika yana da mitan fiye da kima alhali masu yin mitan da aka sani ba sa rayuwa a inda oksijin yake. A 2008 David Karl da abokan aikinsa a Hawaii suka nuna idan aka zuba metilfosfonet a ruwan teku mai ƙarancin fosfet bakteriya suna yanke shi su ɗauki fosfaras su saki mitan. Sai aka ce to wa ke yin metilfosfonet ɗin, a 2012 William Metcalf da Wilfred van der Donk a Illinois suka nuna Nitrosopumilus maritimus, ɗaya daga cikin halittu mafi yawa a teku, tana yinsa. Kuma NMR ya nuna kusan kashi 25 cikin 100 na fosfaras ɗin da ke cikin manyan narkakkun ƙwayoyin sinadari na teku fosfonet ne. Kwata guda! abin da littattafan aji da yawa ko ambatonsa ba sa yi, wallahi wannan yana damuna.

Hauwa'u: Ikon Allah. To ni abin da ya ɗaure min kai, idan haɗin yana da wuyar karyawa haka ta yaya suke ƙera shi tun farko

Hajiya Rabi: Daga PEP wato fosfo-inolfairubet, wanda kika haddace a gilaikolisis, hanyar farfasa gulukos. Enzayim ɗin PepM yana ɗauke fosfaras daga kan oksijin ya mayar da shi kan kabon na uku a cikin ƙwaya ɗaya, a samu fosfonofairubet. An gano shi a 1988, lab ɗin Jeremy Knowles da na Debra Dunaway-Mariano kowa daban, kuma abin da ya sa aka daɗe ba a same shi ba shi ne ana nemansa ta gaba alhali ma'aunin ya karkata baya, PEP ya rinjayi fosfonofairubet da fiye da 500 a kan 1, sai da aka ba shi fosfonofairubet aka kalli PEP yana fitowa. A cikin ƙwaya kuma dabarar ita ce enzayim na biyu, Ppd, mai aiki da mataimakin sinadari TPP, yana fizge CO2 daga ɗan abin da aka samu nan take, CO2 ya tafi ba dawowa, sai layin ya ci gaba da tafiya gaba. Abin da ya fito fosfono-asitaldihayid, a sa masa amino ya zama AEP. Ki lura shi ne dai sinadarin da Dokta ya ambata a hanyar karyawa, ƙera da rushewa a mahaɗa ɗaya suke haɗuwa. Kuma saboda kusan duk fosfonet na halitta ta PepM yake farawa, ana amfani da pepM a matsayin alama a jinom, binciken 2013 ya same shi a kusan kashi 5 cikin 100 na jinom ɗin bakteriya da aka karanta a lokacin.

Dokta Bashir: Kuma dalilin wannan wahalar a ganina kariya ce. Dubi inda ake samunsa, a fatar ƙwaya, a waje. Gashin furotozowa Tetrahymena cike yake da kitse mai AEP, halittun teku irin su Anthopleura da dodon koɗi da kawa suna da seramayid mai AEP a kai, Trypanosoma cruzi mai kawo cutar Chagas tana da shi a rigar sukarin da ta lulluɓe jikinta, Bacteroides fragilis na cikin hanji tana da shi a kafsul. Duk masu zama ne a inda enzayim masu narkarwa ke yawo.

Hajiya Rabi: Ban musa kariya ba Dokta amma ba ita kaɗai ba ce, kuma ina ganin an fi ƙarfafa ta fiye da hujjarta. Ƙwan dodon koɗin ruwa Helisoma, sabon sakawa, fiye da kashi 90 cikin 100 na fosfaras ɗinsa fosfonet ne, kuma yayin da ɗan ke girma a ciki fosfonet ɗin yana raguwa fosfet yana ƙaruwa. Wannan ajiya ce, a siffar da maƙwabci mai fosfatas ba zai iya sata ba.

Dokta Bashir: To ai Hajiya hana sata ma kariya ce

Hajiya Rabi: Kare fata daga narkewa daban, ɓoye abinci daban, gwajin da zai tabbatar da kowanne ma daban ne. Na farko sai ka goge pepM ka ga ko fatar ta yi rauni a gaban fosfolifas, enzayim mai narkar da kitsen fata, na biyu sai ka bi fosfaras ɗin ka ga ina ya tafi.

Abba: Mu a fannin magani ta wani ɓangaren muke ganin abin. Fosfomaisin fosfonet ne na halitta daga Streptomyces, an bayyana shi a 1969, yana kama da PEP sai MurA, enzayim ɗin ginin bangon bakteriya, ya karɓe shi, zoben efoksayid ɗinsa ya liƙe a sistin na 115 enzayim ɗin ya mutu, ginin bangon ƙwaya ya tsaya tun matakin farko. Kuma yanzu na ga alaƙa da maganar Malam ta midiya, domin gwajinsa ma midiya ce ke hukunci, dole a sa gulukos-6-fosfet milligiram 25 a lita don ƙofar UhpT ta buɗe maganin ya shiga, idan aka manta sai ƙwaya mai jin magani ta fito kamar mai bijirewa. Akwai kuma fosmidomaisin mai toshe enzayim DXR, wanda aka nuna a 1999 yana kashe ƙwayar maleriya domin tana da hanyar da DXR ke aiki a ciki mu ba mu da ita.

Zainabu: Shi yasa masu T. cruzi ke kallon hanyar AEP ɗin ma, mutum ba shi da PepM ba shi da Ppd

Hauwa'u: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage, AEP yana da naitirojin da kabon ma, idan na cire amoniya daga midiyar fa?

Dokta Bashir: Ki yi, a nan ne ma za ki iya samun abin rubutawa. Ki bar fosfet da yawa a midiyar, 1.32 mM na midiyar MOPS ta Neidhardt ya isa, ki cire amoniya ki sa AEP kamar 5 mM a matsayin naitirojin. Wadda phn ɗinta ke ƙarƙashin Pho ba za ta taɓa shi ba tunda ta ƙoshi da fosfet, amma akwai waɗanda AEP ɗin kansa ke buɗe musu hanyar ko da fosfet ya cika, su za su tsiro. Kuma tunda buƙatar naitirojin ta ninka ta fosfaras sosai, za su yanke fiye da abin da za su iya haɗiya sai rarar fosfet ta zubo cikin ruwan, ki auna da malakayit girin ko molibdenom ki ga yana hawa sama da inda ya fara.

Malam Nura: Amma ki sa tub ɗaya mai AEP wanda ba a shuka komai ba ya zauna a inkubeta tare da sauran, ki auna shi a ƙarshe. AEP ɗin kuma ki haɗa shi daban ki daidaita pH zuwa 7 ki tace da filta 0.22 ki zuba bayan midiya ta huce, zafi ba ya karya shi amma idan aka dafa amino tare da gulukos a otokilab suna haɗuwa midiya ta yi ruwan ƙasa. Kuma kafin ki zuba ko ɗigo ɗaya ki ɗauki stok ɗin kansa ki gwada shi da molibdenom, idan ya yi shuɗi kafin a narkar da shi to fosfet ne a ciki, ki rubuta adadin a littafinki ki debe shi daga kowane lissafi.

Lawal: Malam masu kama naitirojin daga iska fa, ai su za su tsiro ko babu AEP ɗin

Malam Nura: Haka ne Lawal, tunda daga ƙasa ta ɗebo su akwai yiwuwar Azotobacter da irinta a ciki. Sai ta ƙara wani tub, babu amoniya babu AEP.